Alan Blumlein: Injiniyan da aka ɓoye mutuwarsa, fasaharsa kuma ta sake dawowa

Ba kasafai ake jin sunan Alan Dower Blumlein ba, ko da a ƙasarsa ta haihuwa, wato Birtaniya, balle a garuruwa irin su Gwandu da Kalgo na jihar Kebbi.

Sai dai kuma da wuya rana ta fito ta faɗi a waɗannan garuruwa ba a ci moriyar aikinsa ba.

Matashin da ya sa iyafis a kunnuwansa biyu, yana jin kalangu ta ɓangaren dama, 'yan amshi ta hagu, muryar mawaƙi kuma a tsakiya, yana amfani ne da tsarin da Blumlein ya rubuta a shekarar 1931.

Haka nan mai gyaran rediyon da aka kawo wa amfilifayar masallaci ta daina fitar da kiran salla, idan ya kwance ta ya bi hanyar da sauti ke shiga, galibi zai tarar da wasu tiransisto guda biyu da aka haɗa kamar tagwaye. Wannan haɗin ma Blumlein ne ya yi masa rajista a 1936, tun ana amfani da kwalaben lantarki, kafin a ƙirƙiro tiransiston kansa.

A 'yan shekarun nan kuma sunansa ya ƙara fitowa ta wata hanyar da ba a zata ba. Masu sha'awar sauti a Turai da Amurka da Japan sun koma neman amfilifayoyi irin na da, masu kwalabe, har kamfanoni suka shiga sake ƙera samfuran shekarun 1950 da 1960. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori an gina su ne a kan wata dabara da ya shigar da takardar neman mallakarta a 1937.

Bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya mutu a hatsarin jirgin sama yana da shekara 38.

Ƙuruciya

An haifi Blumlein ranar 29 ga watan Yunin 1903 a unguwar Hampstead da ke birnin London.

Mahaifinsa, Semmy Blumlein, ɗan kasuwa ne haifaffen Jamus wanda ya zama ɗan Birtaniya. Mahaifiyarsa, Jessie Dower, 'yar wani ɗan mishan ce mutumin Scotland da ya yi aiki a Afirka ta Kudu. Mahaifin ya rasu a 1914, lokacin yaron yana da shekara 11.

Masu rubuta tarihinsa sun ruwaito cewa yana ɗan shekara bakwai ya gyara ƙararrawar ƙofar gidansu, sa'an nan ya rubuta takardar neman a biya shi ladan aiki, ya sa hannu a matsayin injiniyan lantarki. An kuma ce sai da ya kai wajen shekara 12 kafin karatu ya zauna masa sosai, alhali ya riga ya yi nisa a lissafi.

Ya yi makarantar Highgate, daga nan ya shiga kwalejin City and Guilds, wani sashe na kwalejin Imperial ta London, inda ya kammala digirinsa da sakamako mafi daraja a 1923.

A 1924 ya kama aiki da kamfanin International Western Electric, wanda reshensa na Birtaniya ya koma Standard Telephones and Cables daga baya. Aikinsa a nan shi ne wayar tarho mai dogon zango.

Matsalar wancan zamani ita ce maganar wani layi takan tsallaka ta shiga wani, mutum na magana da ɗan'uwansa sai ya riƙa jin hirar wasu can ƙasa-ƙasa. Blumlein ya sake fasalin naɗin wayar da ake sa wa layukan domin rage wannan kutse, ya kuma ƙirƙiro wata na'urar awo mai matuƙar daidaito. A nan ne kuma ya fara nazarin yadda kunnen ɗan'adam ke jin sauti, wane amo ne ke damunsa, wanne ne kuma ba ya ko lura da shi. Wannan nazari ya yi masa rana daga baya.

Faifan garmaho

A 1929 ya koma kamfanin Columbia Graphophone, ƙarƙashin Isaac Shoenberg, wani injiniya haifaffen daular Rasha da ya shahara wajen iya zaɓen ma'aikata.

Columbia na cikin wani hali a lokacin. Tun 1925 aka daina ɗaukar waƙa ta hanyar rera ta cikin wani babban mazurari, aka koma amfani da makirufo da lantarki. To amma hanyar mallakar kamfanin Western Electric na Amurka ce, kuma duk faifan da aka buga da ita sai an biya su wani kaso.

Aikin da aka ɗora wa Blumlein shi ne ya samo wata hanyar yanka faifai da ba za ta taka haƙƙin Amurkawan ba.

Shi da abokan aikinsa biyu, Herbert Holman da Henry Clark, suka ƙera wani kan yanka wanda naɗin waya ne ke motsa allurarsa a cikin maganaɗisu, maimakon guntun ƙarfen da Amurkawa ke amfani da shi. Kamfanin ya huta da biyan kuɗin, sautin kuma ya fi na da kyau. Sun kuma ƙera makirufo mai aiki da irin wannan dabara, wanda aka daɗe ana amfani da shi a ɗakunan ɗaukar sauti da kuma gidan talabijin na BBC na farko.

A 1931 Columbia ta haɗe da kamfanin Gramophone, mai tambarin kare da ke sauraron garmaho, suka zama EMI. Aka tattara masu bincike a garin Hayes da ke yammacin London.

Wannan kamfani ba baƙo ba ne ga ƙasar Hausa. Tun tsakanin 1927 da 1930 reshensa mai suna Zonophone ya ɗauki waƙoƙin 'yan Afirka ta Yamma a London, da harsuna da dama ciki har da Hausa, domin sayarwa a kasuwannin yankin. Kuma lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, EMI na cikin kamfanonin Birtaniya biyu da aka yi haɗin gwiwa da su, ɗayan kuwa shi ne Granada.

Dare ɗaya a silima

Labarin da aka fi sani game da Blumlein ya faru ne a 1931, a wani gidan silima, inda ya je kallo tare da Doreen Lane, wadda ya aura a 1933.

Fina-finai masu magana sababbi ne a lokacin, kuma lasifika ɗaya ce ke fitar da sautin. Ɗan wasa na iya tsayawa a wannan gefen majigi, muryarsa kuma ta fito daga wancan gefen. Abin ya dame shi, ya kuma shaida wa budurwar tasa cewa ya san yadda za a sa murya ta riƙa bin mai ita.

Ranar 14 ga watan Disambar 1931 ya shigar da takardar neman mallakar ƙirƙirar, aka amince da ita ranar 14 ga watan Yunin 1933, mai lamba 394,325. Abubuwa 70 ya lissafa a ciki waɗanda yake neman a tabbatar masa da su.

Tunanin amfani da hanyoyin sauti biyu ya girme shi, domin an gwada shi ta wayar tarho a Paris tun 1881. Abin da Blumlein ya gano shi ne yadda za a yi shi da lasifika a cikin ɗaki, ba tare da an manna wa kowa abin sauraro a kunne ba.

Mutum yana gane inda sauti ya fito ne saboda yakan riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan, yakan kuma fi ƙarfi a kunnen da ya fi kusa. Amma idan lasifika biyu ce a ɗaki, kowane kunne yana jin dukansu. Blumlein ya nuna da lissafi cewa idan aka sarrafa bambancin ƙarfin sauti tsakanin lasifikun biyu yadda ya kamata, kunnuwan mai sauraro za su mayar da shi bambancin lokaci, ƙwaƙwalwa kuma ta ajiye kowace murya a gurbinta.

Ya bayyana yadda za a jera makirufo biyu a wuri ɗaya, ɗaya na kallon dama ɗaya na kallon hagu, suna gicciye da juna. Har gobe masu ɗaukar sauti na kiran wannan jeri da sunansa.

Ya kuma warware matsalar da ta fi wuya, wato yadda za a zuba sauti biyu a cikin tsagi ɗaya na faifai. Ya ce a yanka tsagin da bango biyu, kowanne a karkace da digiri 45, bangon ciki ya ɗauki sauti ɗaya, na waje ya ɗauki ɗayan, allura guda kuma ta karanta su tare.

Ranar 19 ga watan Janairun 1934 ya kai kayansa ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, ya ɗauki ƙungiyar makaɗan London Philharmonic ƙarƙashin Sir Thomas Beecham suna gwajin wani kiɗan Mozart. A 1935 kuma ya ɗauki gajerun fina-finai na gwaji, ciki har da na jiragen ƙasa suna wucewa ta tashar Hayes, ƙararsu na tafiya daga wannan gefe zuwa wancan.

A shekarar 1934 ɗin nan ce dai Sarkin Gwandu Usman, tare da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, suka kai ziyararsu ta Ingila. Garmahon da ake sayarwa a London a lokacin, kamar wanda ke shigowa kantunan Kano da Sakkwato, mai murya ɗaya ne, kuma haka ya ci gaba da zama har shekara 24 bayan nan.

Dalili kuwa shi ne EMI ta ajiye aikin. Duniya na cikin matsin tattalin arziki, cinikin faifai ya faɗi, babu wanda ke shirin sayen lasifika biyu alhali ɗaya ma ta gagara.

Wa'adin takardar mallakar ya ƙare a 1952 ba tare da ta kawo wani kuɗin kirki ba. Da kamfanonin Amurka suka amince da tsarin faifan sitiriyo a 1958, sai ga shi tsarin digiri 45 ɗin nan ne, kuma da farko ba a ko ambaci sunan Blumlein ba.

Talabijin

An janye shi daga aikin sauti ne domin Shoenberg na buƙatarsa a wani wuri. EMI ta shiga takarar samar da talabijin, tana karawa da John Logie Baird.

Kwamitin gwamnati ya nemi hoton da bai gaza layi 240 ba. Shoenberg ya yi kasada ya ce kamfaninsa zai yi 405. Blumlein ne ya jagoranci tsara yawancin da'irorin lantarkin da kuma fasalin siginar da ke ɗauke da hoton.

BBC ta fara watsa shirye-shirye daga Alexandra Palace ranar 2 ga watan Nuwamban 1936, ana karɓa-karɓa tsakanin tsarin Baird da na Marconi-EMI. Zuwa watan Fabrairun 1937 an yi watsi da na Baird. Tsarin layi 405 ya ci gaba da aiki a Birtaniya har watan Janairun 1985.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayyana shi da mutum mai saurin fahimta da saurin ƙosawa, wanda ba ya haƙuri da aikin ganganci, amma yana iya ɓata sa'o'i yana yi wa ƙaramin ma'aikaci bayani idan ya ga da gaske yake son koyo. Ƙa'idarsa ita ce a lissafa yadda da'ira za ta yi aiki tun a takarda, kada a dogara da gwada wannan a gwada wancan har a dace.

Dabarar 1937

A tsakiyar wannan hidima ta talabijin ne ya shigar da wata 'yar takarda, mai lamba 496,883, wadda a lokacin ba ta ja hankalin kowa ba. Ita ce ta haɗa shi da masu amfilifayar yau.

Kafin zuwan tiransisto, abin da ke ƙara ƙarfin sauti shi ne bawul, wata kwalbar gilashi mai kama da ƙwan fitila wadda aka zuƙe iskar cikinta. Dattawan da suka yi zamani da manyan akwatunan rediyo za su tuna yadda ake kunna su a jira su yi zafi kafin magana ta fito.

Iri biyu ne suka fi muhimmanci. Akwai mai sassa uku, wadda sautinta ke fita da tsabta amma ba ta da ƙarfi sosai. Akwai kuma mai sassa biyar, wadda ke ba da ƙarfi mai yawa daga wuta kaɗan, sai dai tana gurɓata sautin, tana kuma kasa riƙe lasifika da kyau. Mai ƙera amfilifaya dole ya zaɓi ɗaya ya haƙura da ɗaya.

Bambancin yana ga wata raga ta biyu da ke cikin bawul mai sassa biyar. Idan aka haɗa ta da farantin bawul ɗin, sai ta koma aiki kamar mai sassa uku. Idan aka haɗa ta kai tsaye da tushen wuta, sai ta yi aikinta na mai sassa biyar.

Blumlein ya ce ai akwai tsakiya. A fitar da wata waya daga wani wuri a cikin naɗin taransifomar da ke kai sauti ga lasifika, a haɗa ragar a nan. Ta haka ragar za ta riƙa samun wani kaso na sautin da ke fita, tana gyara kuskuren bawul ɗin da kanta. Sakamakon shi ne a samu mafi yawan ƙarfin mai sassa biyar tare da tsabtar da ta kusa ta mai sassa uku.

Waya ɗaya ce tak aka sauya wa wurin zama. Sauƙin abin ne ma ya sa ake mamakin yadda ya kwana shekara 14 ba a waiwaye shi ba.

A watan Nuwamban 1951 wasu Amurkawa biyu masu sana'ar taransifoma a Philadelphia, David Hafler da Herbert Keroes, suka wallafa maƙala a mujallar Audio Engineering a kan wannan haɗi. Su ne suka raɗa masa sunan da aka san shi da shi a yau, Ultra-Linear, suka kuma nuna cewa ga bawul ɗin da suka gwada, wurin da ya fi dacewa a fitar da wayar shi ne wajen kashi 43 cikin ɗari na naɗin.

Kafin nan, amfilifayar da ta fi suna ita ce wadda D.T.N. Williamson ya wallafa tsarinta a mujallar Wireless World a 1947, mai ba da wat 15. Da aka yi mata haɗin Blumlein, ƙarfinta ya kusa ninkawa da bawul iri ɗaya.

Daga nan sai kamfanoni suka yi caa a kai. Mullard ta fitar da tsarin 5-20 a tsakiyar shekarun 1950. Leak ta fitar da Stereo 20 a 1958. Marantz ta yi 8B a farkon shekarun 1960. Hafler da kansa ya kafa kamfanin Dynaco a 1955, ya kuma fitar da Stereo 70 a 1959, mai wat 35 a kowane ɓangare, wadda ake sayar da ita a warwatse mutum ya haɗa da kansa a gida. An sayar da fiye da 300,000, abin da ya sa ake ɗaukarta a matsayin amfilifayar bawul da ta fi kowace kasuwa a tarihi.

A cikin irin wannan akwati ƙirƙirarsa biyu suka haɗu, sautin sitiriyo da haɗin 1937, shekara 17 bayan mutuwarsa.

Yaƙi

Da yaƙin duniya na biyu ya ƙarato, EMI ta karkata ga aikin soja. Abu na farko da Blumlein ya yi shi ne amfani da dabarar sitiriyo wajen inganta na'urorin da ke sauraron ƙarar jiragen abokan gaba domin gano inda suke.

Daga nan ya shiga aikin radar. Gudunmawarsa ta taimaka wajen kammala na'urar da aka sa wa jiragen Birtaniya masu farautar jiragen Jamus da dare a 1940 da 1941. Ya kuma ƙirƙiro wata hanyar samar da tartsatsin wuta mai ƙarfi cikin ƙiftawar ido, wadda har yanzu masana fiziks ke kira da sunansa.

Aikinsa na ƙarshe shi ne H2S, radar da za ta nuna wa matuƙin jirgi taswirar ƙasar da ke ƙarƙashinsa ko da cikin duhu ko gajimare. Bernard Lovell, wanda daga baya ya shahara a ilmin taurari, shi ke jagorantar aikin ta ɓangaren gwamnati, EMI kuma aka ba ta kwangilar ƙerawa.

Ranar Lahadi 7 ga watan Yunin 1942, Blumlein da abokan aikinsa biyu na EMI, Cecil Browne da Frank Blythen, suka hau wani jirgin yaƙi samfurin Halifax mai lamba V9977 daga sansanin Defford, domin su ga yadda na'urar ke aiki a sama.

Ɗaya daga cikin injinan jirgin ya kama da wuta. Wutar ta ci fiffike kafin matuƙin ya samu filin sauka, jirgin ya faɗi kusa da ƙauyen Welsh Bicknor a bakin kogin Wye. Duka mutane 11 da ke ciki suka mutu.

Binciken da aka yi ya gano cewa wani ɗan ƙaramin noti ne a cikin injin ba a ɗaure shi da kyau ba lokacin da aka yi wa jirgin gyara kwanaki kaɗan kafin nan.

Saura kwana 22 ya cika shekara 39. Ya bar mata da 'ya'ya maza biyu ƙanana, da takardun mallakar ƙirƙira 128, wato kusan guda a kowane mako bakwai na rayuwarsa ta aiki.

Gwamnati ba ta so Jamus ta san abin da aka rasa ba, saboda haka ba a yayata mutuwar ba, jaridu kuma ba su yi masa irin ta'aziyyar da ake yi wa manyan masana ba.

Firayim Minista Winston Churchill ya matsa a ci gaba da aikin, aka kuma fara amfani da H2S a harin da aka kai birnin Hamburg a ƙarshen watan Janairun 1943. Ba a nan amfaninta ya tsaya ba. A watan Yulin shekarar tana cikin na'urorin da suka jagoranci hare-haren da suka ƙone birnin, inda aka ƙiyasta mutuwar mutane kusan 40,000, akasarinsu fararen hula. Masu yabon Blumlein ba su cika son tsayawa a kan wannan babi ba, amma yana cikin tarihinsa, kamar yadda asalin mahaifinsa na Jamus yake ciki.

Shiru na rabin ƙarni

Sirrin yaƙi ne ya fara binne sunansa, sa'an nan wani abin takaici ya ƙara. Wani mutum ya karɓi alƙawarin rubuta tarihinsa, ya tattara takardu da wasiƙu daga iyali da abokan aiki, ya riƙe su shekaru da dama, littafin kuma bai taɓa fitowa ba. Kafin wasu su samu damar yin aikin, da yawa daga cikin waɗanda suka san shi sun mutu.

Sai a 1999 Robert Alexander ya fitar da cikakken littafi a kansa, Russell Burns kuma ya biyo baya da nasa.

An dai manna allon tunawa a gidansa na unguwar Ealing a 1977. A 1992, shekara 50 cif da hatsarin, aka buɗe wata tagar gilashi a tsohuwar fadar Goodrich, kusa da inda jirgin ya faɗi, domin tunawa da waɗanda suka mutu a aikin radar. A 2015 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ta kafa allo a Abbey Road, ɗakin da Beatles suka yi suna a cikinsa, inda kuma Fela Kuti ya ɗauki faifai a 1971. A 2017 aka ba shi lambar Grammy ta fasaha, shekara 75 bayan mutuwarsa.

Komawa ga kwalabe

Tiransisto ta kori bawul daga kasuwa tun ƙarshen shekarun 1960. Ta fi araha, ba ta zafi sosai, ba ta fashewa, tana kuma aiki da batir. Ita ce ta kai rediyo ƙauyukan masarautar Gwandu da rugagen Fulani, inda babbar akwati mai kwalabe ba za ta taɓa zuwa ba.

Amma wasu masu sauraro, musamman a Japan, ba su taɓa sakin tsofaffin na'urorin ba, suka riƙa sayen su daga Amurka da Birtaniya har farashinsu ya tashi. Kamfanoni suka lura. McIntosh ta sake fitar da MC275 ta 1961 a shekarar 1993. Marantz ta sake ƙera samfuranta na 7 da 8B da 9 a tsakiyar shekarun 1990. Quad ta dawo da Quad II ta 1953. McIntosh da Quad suna da nasu haɗin na daban, amma 8B da ɗimbin ƙananan kamfanonin da ke kwaikwayon Stereo 70 da tsarin Mullard duk a kan dabarar Blumlein suke. Wasu amfilifayoyin ma suna zuwa da maɓallin da mai su zai zaɓa tsakanin haɗinsa da na bawul mai sassa uku.

Faifan garmaho ma ya farfaɗo. A Amurka, a shekarar 2022 an sayar da shi fiye da faifan CD a karon farko tun 1987, kuma kusan kowane ɗaya an yanka shi ne da tsagin digiri 45.

Ko sautin bawul ya fi na tiransisto? Idan awo za a bi, amsar ita ce a'a, domin amfilifayar zamani mai kyau ta fi ƙarancin gurɓata sauti nesa ba kusa ba. Abin da masoyan bawul ke kira ɗumi, wani ɓangarensa gurɓatawa ce da kunne ke jin daɗinta, wani ɓangaren kuma ƙaunar abin da ya wuce ne. Mai yiwuwa Blumlein, wanda ya yi rayuwarsa yana yaƙi da gurɓatar sauti da alƙalami da lissafi, da ya yi mamakin wasu daga cikin abubuwan da ake faɗa da sunan na'urorin.

Inda tsofaffin suka yi zarra babu gardama shi ne wajen gyara. Sassansu kaɗan ne, manya ne, ana ganinsu da ido, tsarinsu kuma a wallafe yake. Amfilifayar 1959 tana iya komawa aiki a hannun duk wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma ya kuma san karatun zane, muddin ya kiyaye, domin wutar cikinta takan haura volt 400, tana kuma iya kisa ko bayan an kashe ta. Mai gyara a Kalgo da ake kawo wa na'urorin yau, waɗanda aka cusa komai nasu cikin ɗan guntu ɗaya da ba ya buɗuwa, ya fi kowa sanin darajar wannan.

Duk da haka ba kayan ko'ina ba ne. Suna shan wuta ko ana kiɗa ko ba a yi, suna fitar da zafi, ba sa kuma son wutar da ke hawa da sauka. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga dogaro da janareta ko sola, amfilifayar bawul abin sha'awa ce ta mai hali. Abin da ya fi kusa da ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke Kalgo, ko a kwalejin fasaha ta Waziri Umaru, shi ne tagwayen nan na 1936, waɗanda ke ƙofar shiga kusan kowace ƙaramar da'irar ƙara sigina da zai taɓa a ɗakin gwaji.

Su kansu kwalaben, masana'antu ƙalilan ne suka rage suna yin su, a Rasha da Slovakia da China, sai wata ƙarama a jihar Georgia ta Amurka. Da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022, aka samu tsaiko wajen fitar da na masana'antar Saratov ta Rasha, farashi ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan makonni, masu amfilifaya da makaɗan jita suka shiga rububin sayen abin da ya rage a kantuna, ciki har da EL34, bawul ɗin da Stereo 70 ke amfani da guda huɗu.